Siririyar Waya a Gonar Albasar Kawu

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina ja wa mutane wayar wuta a Wurno da ƙauyukan da ke kewaye, har Marnona, kuma ban taɓa zama na yi lissafi ba ko sau ɗaya. Aji uku na yi a firamare. Aikin a Rabah na koye shi, wurin wani maigida da ya ce mani waya iri uku ce a duniya: siririya ta ƙwai da fanka, matsakaiciya ta soket, sai mai kauri ta abin dafa ruwa. Ya ce in riƙe wannan, in ci abinci har in mutu. Na riƙe. Ina da tasta, wadda in ka taɓa waya jar wuta ke kamawa a gindinta, ina kuma da mita da na saya don in yi kama da masu ilimi. Abin da nike tambayarta guda ne: akwai wuta ko babu.

Wanda ya kai ni Rabah ɗin Kawu ne, ƙanen mahaifiyata. A bayan kekensa ya ɗauke ni, ya damƙa ni ga maigidan, ya ce ga ɗansa nan. Duk tuwon da na ci da sana'ar nan, hannunsa na ciki. Shi ya sa abin da zan faɗa bai bar ni ba har yau.

Kawu na da gona a fadama, albasa yake yi tun ina yaro. Da fetur ya yi tsada, injin ban ruwansa ya zame masa kamar wani ɗa mai ci ba ƙoshi. Ni na zuga shi. Na ce Kawu, kowa sola yake sawa yanzu, rana kyauta ce, ka saki injin nan. Ya yi ta jinkiri, don shi ba mutum ne mai son sabon abu ba. Na yi ta zuwa gidansa har ya gaji da ni. Ya sayar da injin.

Munka tafi Goronyo ranar kasuwa, shagon taubashina, ɗan gwaggona, wanda ke sayar da kayan sola. Shi ya yi makarantar koyon sana'a har ya gama. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutane ba. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya:

"Jama'a ku ɓoye wayoyinku, ga Injiniyan tasta nan ya iso!"

Na ce, "Mai takarda, har yanzu kana nan kana gadin kwali? Tashi ka ba ubangidanka kujera."

"Wa a' ubangidan wa? Kai da anka saye ka da ƙwaryar gero."

Kawu na gefe shina dariya. Taubashi ya fito mana da faranti biyu na sola da famfo ɗan ƙarami. Da zai ɗaure kayan ya tambaye ni, cikin wasan dai, ina zan kafa farantan, kuma wace waya zan ja. Na ce wannan ba aikin mai shago ba ne. Ya ce in tazarar na da yawa in zo mu auna mu gani. Na ce ni da ke ja wa gidan sama waya, ɗan famfon da bai kai dutsen guga shan wuta ba zai dame ni? Ya yi dariya ya ƙyale ni.

Rijiyar bututun Kawu tana can ƙasan gona. Bukkarsa, inda yake ajiye kaya mai gadin gonakin wurin ke kula da ita, tana bisa tudu. Kawu ya ce farantan a kafa su jikin bukka, don in an bar su ƙasa wani zai wuce da su. Na taka daga bukka zuwa rijiya, taki saba'in. Na duba jikin famfon, na ga wat ɗinsa, wato ƙarfin wutar da yake sha, bai kai ɗari uku ba. A gida abin da ke shan haka siririyar waya nike ba shi, kuma ba a taɓa kawo mani ƙara ba. Ina da ragowar naɗinta a gida. Na kawo, na ja, na binne ta ƙarƙashin ƙasa da kyau, har maƙwabtan gona na cewa aikin ya yi tsabta.

Lokacin Kawu ya gama dashe, fangali arba'in. Dashen baya ne, sanyi ya fara janyewa, rana ta fara cizo. Wanda ya san albasa ya san ƙaramin dashe ba ya haƙurin ƙishirwa.

Munka kunna famfo. Ya yi gurnani, ya yi shiru, ya sake gurnani, sai ga ruwa siriri kamar na bakin buta. Ya bi hanyar ruwa ya jiƙa fangalin farko da na biyu, ƙasa ta shanye saura kafin ya kai ko'ina. Kawu ya dube ni. Na ce rana ce ba ta yi ƙarfi ba, mu jira azahar. Azahar ta yi, abin bai sake ba.

Washegari na zo da mitata. Ga abin da na yi, kuma shi ne kuskuren da ya fi na farko. Na cire waya daga jikin famfo, na ɗora mita a bakinta. Ta nuna mani bolt arba'in da 'yan kai. Na hau tudu na auna jikin farantan, su ma haka. Na ce to, abin da ya shiga waya shi ya fito, waya ta wanku. Haka nike gwada waya a gidajen mutane shekara da shekaru. Sai na mayar da waya jikin famfo na kunna, na sake aunawa, na ga wutar ta faɗo ƙasa. Nan take na yanke hukunci: farantan ne ba su da ƙarfi, da an ɗora masu kaya sai su durƙushe. Jabu ne.

Na faɗa wa Kawu haka. Ya ce, "Ɗana, ka tabbata? Yaron nan ɗan gida na."

Na ce, "Kawu, mita ba ta ƙarya."

Da ina da hankali da na buga masa waya a ranar na ce ya zo ya duba. Ban yi ba. Na ce in ya zo zai fara yi mani lacca gaban mutane. Na kwashe kwana biyu ina kwance famfo ina ɗaurawa, ina wanke farantai, ina juya su gabas da yamma. Kawu da matarsa da wani maƙwabci suna tarar ɗan ruwan da ke fitowa a jarka suna kai wa fangalin da ke nesa. Tsoho mai ciwon gwiwa, da jarka a kai. Ina ganinsa ina kawar da kai.

Rana ta huɗu kasuwar Goronyo ce. Na hau mashin na tafi, raina a ɓace, kuma yanzu na san ɓacin ran nan tsoro ne. Shagon cike da mutane, har da wasu daga Kagara da Giyawa da sunka zo sayen kaya. Ya hango ni ya buɗe baki zai fara, "Injiniyan..."

Na katse shi. Na ce, "Ba wasa ya kawo ni ba. Ka ji tsoron Allah. Tsoho kamar Kawu za ka ba jabun kaya? In za ka cuci mutane ka cuci bare, ba na gida ba."

Wani mutum da ya riga ya ɗauki batir ya mayar da shi ƙasa a hankali. Taubashi ya dube ni. Tun da nike da shi ban taɓa ganin fuskarsa babu dariya a kanta ba sai ranar.

Ya ce, "Malam, mi kac ce?"

Malam. Bai taɓa kirana haka ba.

Na maimaita, har na ƙara da cewa na auna da mita.

Bai yi gardama ba. Ya ba masu sayayya haƙuri, ya ja ƙofar shago ya rufe, ranar kasuwa, tsakar rana. Ya ɗauki wata jaka ya rataya, ya tada mashin ɗinsa. Ya ce, "Shiga gaba." Munka kama hanyar fadamar Wurno.

Da munka iso ya durƙusa ya gaida Kawu. Ya dubi albasa. Fangalin da ke nesa duk sun kwanta, ganyen ya koma launin ƙasa daga sama. Ya tambayi ina waya ta bi. Na nuna masa. Ya tona da yatsa ya ciro ta, famfo na aiki, ya riƙe ta a tafin hannu. Sai ya miƙo mani.

"Riƙe."

Na riƙe. Da ɗumi, kamar jikin mai zazzaɓi, alhali a ƙarƙashin ƙasa take. Kwana huɗu ina gonar nan ban taɓa ta ba tana aiki.

Maƙwabtan gona sun fara tarowa, don labarin ya riga mu isowa. Ya ce in tsaya wurin famfo da mitata, kada in cire komi, kada in kashe, in auna shina aiki. Shi ya hau tudu da tasa.

Ya ƙwala daga can: "Nan talatin da shida. Nawa gare ka?"

Na duba. Na so in yi ƙarya, wallahi na so. Amma mutum uku na leƙen mitar ta bayan kafaɗata.

Na ce, "Ashirin da huɗu."

"Ban jiya ba!"

Na ɗaga murya. "Ashirin da huɗu!"

Ya sauko. Ya ciro wata mita mai baki kamar na ƙaguwa, ya maƙala ta a waya, ta nuna takwas. Ya ce wannan shi ne yawan wutar da ke gudu cikin waya, am takwas. Sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya karyo kara, ya tsuguna. Ba ni yake kallo ba, Kawu yake yi wa bayani, da muryar da ake yi wa babba magana.

Ya ce, "Kawu, bolt awa ƙarfin turin ruwa na. Am kuwa yawan ruwan da ka wucewa. Farantai sun turo talatin da shida, hwamfo ya samu ashirin da huɗu. Sha biyu sun ɓace a hanya. Hanyar kuwa guda ta, wagga waya."

Ya rubuta sha biyu, ya ja layi, ya rubuta takwas a ƙasa. Ya ce in an raba bolt ɗin da ya ɓace da am ɗin da ke gudu, ana samun turjiyar waya, wato yadda take tare wuta. Sha biyu a raba takwas, ɗaya da rabi. Om ɗaya da rabi. Ya ce waya in ta yi tsawo turjiyarta ƙaruwa take, in ta yi siriri ma haka, kuma taki saba'in ɗin nan zuwa da dawowa ne, ɗari da arba'in ke nan.

Wani maƙwabci ya ce, "Ɗaya da rabi ai ba wani abu ba na."

Ya ce to a gani. Ƙarfin aiki, wat, shi ne bolt sau am. Talatin da shida sau takwas, ɗari biyu da tamanin da takwas: abin da farantai ke bayarwa ke nan, kuma kusan abin da aka rubuta a bayansu ke nan. Ashirin da huɗu sau takwas, ɗari da casa'in da biyu: abin da ke isa famfo. Sha biyu sau takwas, casa'in da shida. Ya zagaye wannan da kara.

"Wanga casa'in da shida shi na ɗumin da ya ji a hannunai. Kashi ɗaya cikin uku na wutarka, Kawu, ƙasa kake gasawa da ita."

Kawu ya ce, "To, amma ya ce ya auna, wutar ta iso cif."

Sai a lokacin ya juyo gare ni. "Ka cire hwamfo ka' auna?"

Na ce e.

Ya ce in ba abin da ke jan wuta, am sifiri ne, kuma sifiri sau ɗaya da rabi sifiri ne, ba abin da zai ɓace. Ko da zaren waya guda ka ja daga nan har Rabah, mita za ta nuna maka wuta cif matuƙar ba ka ɗora mata kaya ba. Jaki ma ba a sanin gurgu ne sai an aza masa buhu, in ji shi. Wasu sunka yi dariya. Shi bai yi ba.

Na yi ƙarfin halin cewa a gida wannan wayar nike ba abin da ya fi famfon nan shan wuta. Ban san mi ya sa na buɗe baki ba. Ya ce gaskiya ne, kuma ya sake tsugunawa. Wutar gari bolt ɗari biyu da ashirin ce. In ka raba wat ɗari biyu da tamanin da takwas da ita, am ɗin bai kai ɗaya da rabi ba. Wannan ɗan am ɗin in ya bi wayar nan, bolt biyu kawai zai zubar, cikin ɗari biyu da ashirin, wa zai lura? Amma nan bolt kaɗan ne, don haka am ya yi yawa, takwas, kuma am shi ke cin waya. Ya ce ƙa'idar da na riƙe ta gida ce, ba ta gona ba.

Shekara ashirin ina cin sa'a ina ce mata gwaninta. A ƙasa aka rubuta mani ita, da karan dawa, lissafin da 'yata ta aji biyar za ta iya.

Ba wanda ya zage ni. Da an zage ni da ya fi mani sauƙi. Taubashi ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya ce ko a nemo waya mai kauri ninki huɗu, ko a sauko da farantan kusa da rijiya yanzu-yanzu, don albasa ba ta jiran a je birni a dawo. Ni da shi munka kwance su, munka ɗauko su tare, shi gaba ni baya. Munka jingina su taki biyar daga rijiya. Na yanko guntuwar waya, ya ce in ninka ta biyu, na ninka. Ya kunna.

Ruwan da ya fito sai da ya ture tiyo daga inda aka aje shi. Ya cika hanyar ruwa, ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen gona. Matar Kawu ta aje jarka ta zauna a kanta. Wannan ruwan yana nan tun ranar farko, ni na tsaya tsakaninsa da albasa.

Taubashi ya yi wa Kawu sallama. Na bi shi har wurin mashin na ce, "Taubashi." Ya ce, "Malam, sai an jima," ya tafi.

Saura maganar ɓarayi. Kawu ya ce ba ya barin farantai a ƙasan gona su kwana. Na ce ni zan riƙa yi. Tun daga ranar har aka cire albasa, kullum da safe in zo in ɗauko su daga bukka in kafa, da la'asar sakaliya in kwance in mayar. Wata uku. Ayyuka sun wuce ni a gari, na bar su. Matata ta ce ko gadin gona na koma, na ce e.

Ranar kasuwa ta gaba na koma Goronyo. Na tsaya daidai inda na tsaya wancan karon, na jira mutane sunka taru, na ce jama'a, abin da na faɗa a kan mai shagon nan ƙarya ne, kayansa masu kyau ne, ni ne na ja wayar da ba ta dace ba don ban san lissafi ba. Ya ce Allah shi yafe mana baki ɗaya. Amma waɗanda sunka ji na farko ba su ne sunka ji na biyu ba. Mutanen Kagara da Giyawa sun tafi da maganar farko tun wancan makon, kuma ban san garin da ta tsaya ba. Har yau in mun haɗu wurin suna ko jana'iza yana gaishe ni da kyau, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Ina jiran ranar da zai sake ce mani Injiniyan tasta.

Kafin in bar shagon na roƙe shi ya rubuta mani abin nan a takarda. Ya yago bayan kwalin batir ya rubuta layi biyu: bolt a raba am, om, bolt sau am, wat. Yana cikin jakar kayan aikina, ya yi baƙi da maiƙo. Yanzu ko ƙwai guda zan ja wa waya daga batir sai na tsuguna na yi lissafi a ƙasa, masu aiki na yi mani dariya, wai tsufa ya sa na koma makaranta. Ina jinkiri wurin rabawa, wani lokaci sai na yi sau biyu.

Cikin fangali arba'in, sha bakwai sunka tashi. Na kusa da rijiya ne, da waɗanda jarka ta riƙe. Sauran sun wuce kafin ruwa ya iso, kuma lokacin sabon dashe ya ƙure. Kawu bai taɓa tada maganar ba, ko da wasa. Abin da ya ce kawai, wata rana ina ɗaure farantai, shi ne, "Da ka kira shi ran farko." Bai ƙarasa ba, ya ci gaba da gyaran bakin fangali.

Da anka cire albasa, Kawu ya yi yadda ya saba kowace shekara, ya raba wa dangi. Shekarun baya buhu guda yake aiko mani. A wannan shekarar, da abin da ya samu bai kai rabi ba, na ce ba zai aiko ba, kuma na ji daɗin hakan. Sai ga shi da kansa bisa jaki, da buhu cikakke, ya sauke a ƙofar gidana. Na ce Kawu, don Allah ka mayar. Ya ce, "Rabonka na, ɗana. Mi ya sake?"

Ya ƙi ko zama ya sha ruwa, wai rana na yi. Na ja buhun na kai zaure. Matata ta yi ta miya da albasar nan har damina ta faɗi, kuma duk ranar da na ji ƙamshinta a kasko sai in fita waje in jira a gama.